Hukuncin sukar shugaba a bainar jama'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shugaban ƙaramar hukumarmu tare muka taso, mu muka sha rana a layi muka zaɓe shi. Tun da ya hau kujera ya daina ɗaga waya, malaman firamare kuma wata uku ba albashi. Na kira gidan rediyo na koka, sai wasu suka ce na yi wa shugaba tawaye, wai faɗin albarkacin baki ɗabi'ar Turawa ce. Na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka yi laifi ba, muddin gaskiya ka faɗa, ba zagi ba ƙazafi. Tawayen da malamai suka haramta shi ne zare makami da warware mubaya'a. Neman haƙƙi da baki ba ya ciki.

Sauyawar abokinka tsohuwar cuta ce. Allah Ya ce a Suratul Alaƙ ɗan Adam yakan yi ɗagawa idan ya ga ya wadata. Kujera kuwa wadata ce mai zuwa da 'yan "ranka ya daɗe", har mutum ya manta ɗanɗanon kalmar a'a. Shi ya sa Sayyidina Abubakar, da aka yi masa mubaya'a, ya ce in ya kyautata a taimake shi, in ya karkace a miƙar da shi. Da bakinsa ya ba talakawa wannan dama, ba daga Turai ta zo ba.

Masu cewa a yi nasiha a asirce suna da hujja, hadisin Iyadh bin Ganam a Musnad Ahmad, kuma da ita ake farawa in ƙofa a buɗe take. Amma Bukhari ya ruwaito Abu Sa'id al-Khudri ya ja rigar Marwan, gwamnan Madina, a filin Idi, don zai gabatar da huɗuba kafin salla. Shehu Usmanu ma, a taron Idi na Magami, ya ƙi kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, ya nemi abu biyar a madadinta, ciki har da 'yancin wa'azi, sakin fursunoni da sassauta haraji.

Don haka ka fara rubuta masa takarda. In ya yi kunnen uwar shegu, ka koma rediyon, ka ambaci watannin da ba a biya ba, ka bar iyalinsa da sirrinsa. In kuma kwangila ce ta wuce ka shi ya sa ka kira, to niyyarka za ka fara gyarawa.

Wallahu a'alam.