Hukuncin Tafiya da Kyanwa a Jirgin Sama ga Mai Komawa Ƙasar Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a unguwar Tarauni a nan Kano. Maigidana ya samu aiki a wani asibiti a Ingila, kuma za mu koma can da yaranmu. Ina da kyanwoyi biyu da na raina tun suna ƙanana, yau shekara huɗu, ba su taɓa kwana a waje ba. Ina so in tafi da su, amma Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce wannan almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa, in buɗe musu ƙofa kawai su kama gabansu, tunda kyanwa ba ta rasa gida a Kano. An kuma ce sai an sa musu wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, an ɗebi jininsu, an jira watanni, sai wani ya ce zai samo min takardun ba tare da wannan jiran ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar uwa, kiwon kyanwa halal ne, tafiya da ita ma halal ce. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, sannan ya faɗi cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ita ba najasa ba ce, tana daga cikin masu kai da kawo a tsakaninku. Babban Sahabi Abu Huraira ma, 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa wannan alkunya. Saboda haka ba za a kira tausayin kyanwa kwaikwayon Turawa ba.

Shawarar buɗe musu ƙofa ce ba zan goyi bayanta ba, tare da girmama Hajiya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wani zai ce ai hadisin da kansa ya nuna saki mafita ce. Haka ne, amma ga kyanwar da ta iya nema. Malamanmu na Malikiyya, a sharhin babin ciyarwa na Muktasar ɗin Halil, sun ambaci cewa kyanwar da ta makance a gidan mutum, ta kasa fita neman abinci, ciyar da ita ta zama wajibi a kansa, domin abin lura shi ne ko dabbar za ta iya riƙe kanta. Kyanwar da ta shekara huɗu a ɗaki, ba ta san titi ba, ba ta san kare ba, ba ta san jifar yara ba, ta fi kusa da wannan makauniyar a kan kyanwar mahauta da ta saba da nema. Abin da ke gabanki biyu ne: ko ki tafi da su ta halastacciyar hanya, ko ki damƙa su ga wanda kika amince zai riƙe su. Idan na biyun kika zaɓa, na fi so ki bayar kyauta, saboda hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya yi tsawa a kan kuɗin kyanwa. Mafi yawan malamai sun halatta sayarwa, sun fassara hanin da rashin dacewa, amma fita daga saɓani ya fi.

Maganar almubazzaranci kuwa tana da nauyi, kada ki yi watsi da ita. Allah ya yabi bayinsa a aya ta 67 ta Suratul Furƙan da cewa idan za su ciyar ba sa ɓarna, ba sa kuma ƙwauro. Ba a auna ɓarna da yawan kuɗi kaɗai, ana auna ta da halin mai kashewa da haƙƙoƙin da ke wuyansa. Idan sai kun ci bashi, ko za a tauye abin da ake yi wa iyaye, ko akwai zakkar da ba a fitar ba, ko ɗan uwa na jini yana kwance an rasa kuɗin magani, to waɗannan ne a gaba, kuma a wannan hali bayar da kyanwoyin shi ne daidai. Idan kuwa Allah ya hore muku, babu haƙƙin da zai tozarta, kuma maigida ya yarda, babu laifi a kanki, har ana fatan lada, domin ya tabbata cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Duk wanda ke zaune a Kano ya san halin da maƙwabta suke ciki, kuma ina kyautata zaton abin da ke zuciyar Hajiya ke nan. Maigida ne ya kamata ya zauna da ita ya yi mata bayani cikin ladabi, ba ke za ki yi jayayya da surukarki ba.

Na'urar nan ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba, ana sa ta da allura a ƙarƙashin fatar wuya, tana ɗauke da lambar da ake gane dabbar da ita. Ya halatta. Anas ya ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana sa wa raƙuman zakka shaida da ƙarfe, abin da aka hana shi ne yin shaidar a fuska, kuma zafin allura bai kai na lalas ba.

Takardun da aka ce za a samo miki haramun ne, kuma a nan ba ni da wani sassauci. Ingila ta rabu da ciwon haukan kare a cikin dabbobinta tun shekarar 1922, mu kuwa har yanzu yana nan, kuma ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana ga mutum da wuya ya tashi. Shi ya sa suke shar'anta wa dabbar da ta fito daga ƙasa irin Najeriya a fara sa mata na'urar, sannan a yi mata allurar rigakafi, bayan kwana 30 aƙalla a ɗebi jini a gwada a ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Wannan ya dace da abin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai raƙuma marasa lafiya kada ya shigar da su cikin masu lafiya. Takardar ƙarya algus ce, shaidar zur ce, yawanci da cin hanci a cikinta, kuma saɓa alkawari ne ga ƙasar da ta ba ku izinin shiga. Idan aka gano, ana iya killace kyanwoyin har wata 4 da kuɗinku, ko a hana su shiga. In tafiyarku ta riga cikar wa'adin, ki bar su a hannun amintacce, su biyo ku daga baya.

Sauran abin da ya rage shi ne wahalar hanya. Ingila ba ta barin a shigo da kyanwa a ɗakin fasinjoji, sai a sashen kaya na jirgin, don haka wajibi ne kejin ya zama mai faɗin da za ta miƙe tsaye, ta juya, ta kwanta, da ruwan sha a ciki. Ki guji lokacin tsananin zafi irin na watan Afrilu, kada kuma ki ba su maganin barci da ka, domin likitoci suna gargaɗi a kansa. Idan irin kyanwoyin Farisa ne masu shafaffiyar fuska, numfashi yana yi musu wuya, kamfanonin jirage da yawa ma ba sa karɓarsu a sashen kaya. Ki kai su wurin ƙwararren likitan dabbobi, shi zai kuma tabbatar miki da dokokin da ake aiki da su yanzu. Idan ya ce ɗaya daga cikinsu ba za ta jure tafiyar ba, bai halatta ki ɗora ta a jirgi don son zuciyarki ba, sai ki nema mata gida a nan.

Allah ne mafi sani.