Tsohon daɓen siminti: a fasa shi ko a yi masa kwalliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran gidana, daɓen falo da na farfajiya duk na siminti ne, sun tsufa, ga tsage-tsage nan da can. Na ga ana yin kankare mai ado, wani kamar dutse, wani kamar katako. Zai yiwu a ɗora shi a kan tsohon, ko dole sai an fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu, amma lafiyar tsohon daɓen ce za ta yanke hukunci. Abin da ake ɗorawa a kai siriri ne: wanda ake buga wa zane kaurinsa milimita 6 zuwa 20 ne, na shafawa kuwa bai cika wuce milimita 3 ba. Duk inda na ƙasa ya motsa, nan na sama zai tsage.

Don haka kafin ka kira magini, ɗauki guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya saki, wurin sai an fasa. Sannan ka duba tsagar da kyau. Siririya wadda bakinta biyu suke daidai, cike ta ake yi a wuce. Amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko tana ƙara buɗewa, ƙasa ce ke zama a ƙarƙashi, kuma babu adon da zai rufe ta.

Gwajin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na danshi, alhali leda da salatif kawai yake buƙata. Yanki leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, ka manne bakinta a daɓen, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga gumi ko wurin ya yi duhu, ruwa na tasowa daga ƙasa. Shi ne ke ɓamɓare sabon shafe, ya fito da farin garin nan mai kama da gishiri.

In daɓen ya ci jarrabawa, a falo na fi son a gurje shi da inji mai haƙoran daimon har ya yi sheƙi, matuƙar kankaren mai ƙarfi ne. Akwai kuma rini mai asid, wanda yake haɗuwa da sinadarin farar ƙasa da ke cikin siminti ya ba da ruwan ƙasa ko kore-kore. Sai dai ba ya fitowa bai ɗaya kamar fenti, kuma ba ya kama inda mai ko gam ya taɓa zuba. Wasu wannan dabbare-dabbaren suke so, wasu kuwa in sun gani sai rai ya ɓaci. A gwada maka a lungu tukuna.

Farfajiya ita ta fi dacewa da mai zanen dutse ko katako. Ana danna tabarmar roba mai zane a kan kankaren tun yana ɗanye, kuma lokacin ɗan kaɗan ne, shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba kuma na ɗan koyo ba. In sabo za a zuba mai kaurin santimita 10, a yanka masa layin tsaga kusan kowace mita 3, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. Kankare sai ya tsage. Layin yana zaɓa masa wurin ne.

Ƙarfinsa ba ya cika sai bayan kwana 28, kada a yi gaggawar hawa da mota. Ruwan kariyar da ake shafawa a ƙarshe yana buƙatar sabuntawa duk shekara biyu zuwa uku, kuma yana santsi in ya jiƙe. Ka ce a zuba masa garin hana santsi, musamman in akwai tsofaffi ko yara a gidan.