Yaron da ya yi shiru bayan rasuwar babansa

'Yar'uwa, kin ce tun rasuwar babansa ɗanki mai shekara 7 ya koma fitsarin kwance, ya daina wasa. Allah ya jiƙan mamacin.

Don Allah kar a dake shi, kar yayyensa su riƙa ce masa amalala. Kewa ce ke cin sa. Bayan isha'i ki zaunar da shi kan tabarma, ki miƙa masa hular babansa, ki bar shi ya yi tambaya. Kar ki ce tafiya ya yi, sai ya yi ta kallon ƙofa.

In abin ya ƙi sauƙi, ko ya ƙi abinci, ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a fara auna fitsarin, sannan ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ki ma faɗa masa taki damuwar.