Tambaya da Amsa: Ni ba ni da baiwar magana, ya zan yi in zaburar da mutane?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni malama ce a sakandare kuma kwanan nan aka ba ni shugabancin sashenmu. Damuwata ni ba na iya tsara zance, akwai wani abokin aikinmu in ya buɗe baki yara tsit suke yi, ni ko in na shiga aji sai ka ga wasu na hamma, a mitin ma malamai ido kawai suke zuba min. Dan Allah wannan abun koyonsa ake ko sai wanda Allah ya ba?
Daga wata malama.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taya ki riƙo. Koyonsa ake, wallahi koyonsa ake, kuma ki daina auna kanki da bakin abokin aikinki. Daɗin baki yana sa a yi shiru a saurare ka, amma abun da ke sa yaro ya koma gida ya ɗauko littafi ba wanda ya sa shi daban ne. Ko Martin Luther King, jagoran fafutukar ƴancin baƙaƙen fata a Amurka, da duniya ke tuna jawabinsa na 1963, ai tun 1955 mutanensa suka gan shi tare da su a ƙauracewar da baƙaƙen fata suka yi wa motocin bas na birnin Montgomery saboda wariyar launin fata, kwana 381 ana fama, har bam aka jefa gidansa bai janye ba. Sun riga sun yarda da mutumin kafin su ji jawabin.

Toh a aji ina ake farawa? Daga zaton da kike wa yaron. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya, sun ce wa malamai ga sunayen wasu yara, kamar ɗaya cikin biyar, da za su yi fice bana, alhali sunayen haka kawai aka tsinto su ba wani dalili. Ƙarshen shekara sai ga yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman ƴan aji ɗaya da biyu. Masana sun yi ta muhawara kan girman tasirin, dan haka kar ki ɗauka tsafi ne, amma yanda abun ke aiki a fili yake: yaron da kike ganin zai iya, kina sakar masa fuska, kina ba shi tambaya mai wuya, in ya yi kuskure kina tsayawa ki gyara masa. Wanda kika cire rai da shi kuwa ko sunansa sai ki yi sati ba ki kira ba, kuma fa ya sani, yara ba sa rasa gane wannan.

Ga wani ƙaramin abu da za ki gwada gobe goben nan. Wata mai bincike Mary Budd Rowe ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai in sun yi tambaya da kyar suke jiran sakan ɗaya kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka koya musu jira na sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu. Ki yi tambayar, ki rufe baki, ki ƙirga a zuci. Shirun zai miki nauyi da farko har ki ji kamar ki yi magana, ki daure, a nan ne za ki ga yarinyar nan ta kujerar baya da ba ta taɓa cewa uffan ba tana ɗago hannu a hankali rabi a ɓoye. In ta amsa ko da rabin daidai ne ki kama rabin nan ki ɗora darasi a kai, ki kuma ambaci sunanta.

Sai yabo, nan ne da yawanmu muke ɓata rawarmu da tsalle. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka ce musu kuna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya kuma sun fi saurin karaya in sun faɗi, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka fi jurewa. Dan haka a makin kar ki tsaya a "da kyau", rubuta masa ainihin abun da ya yi daidai da wurin da kike so ya ƙara.

Malaman sashenki kuma manya ne, ba sa son a yi musu lakca. Masanan halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun daɗe suna nuna cewa himma mai ɗorewa tana son abu uku, mutum ya ji yana da ta cewa a aikinsa, ya ji yana ƙwarewa, ya ji ana yi da shi. Kin ga ba ɗaya a ciki da ke buƙatar iya jawabi. Ki rage maganarki a mitin, ki kawo matsala guda ki ce ya kuke gani, in shawarar wani ta yi aiki ki faɗa gaban firinsifal cewa tasa ce, in abu ya kwaɓe ki tsaya a gaba ki ɗauka. Kuma abun da kika ce a yi, zuwa kan lokaci ne ko shiga aji, su fara ganinsa a wurinki.

Maganar bakin ma ba a bar ta ba. Ki ɗauki muryarki a waya lokacin darasi ki saurara daga baya, za ki ji inda kike sauri da inda muryar ke mutuwa. Sannan ki roƙi abokin aikin nan naki ya bar ki ki zauna a ajinsa, kar ki bi daɗin zancen, ki lura da inda yake tsayawa, wa yake kalla, da tambayar da yake buɗe darasi da ita.