Filin Tambaya da Amsa: Shin Bitamin C Yana Maganin Mura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Duk shekara idan hunturu ya kama, ni da yarana ba ma rabuwa da mura da tari. Tun zamanin korona maƙwabciyata ta ba ni shawarar in riƙa sayen bitamin C mai miligiram 1,000, irin wanda ake jefawa cikin ruwa ya narke, mu sha da zarar atishawa ta fara. Kuɗin da nake kashewa a kemis ba kaɗan ba ne. Da gaske yana kashe ƙwayar cutar, ko kuwa asara nake yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Maƙwabciyarki ba ita ta ƙirƙiro wannan magana ba, domin ta samo asali ne daga wani babban masanin kimiyya ɗan Amurka, Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel har sau biyu, kuma a 1970 ya wallafa littafi yana cewa shan bitamin C da yawa yana kare mutum daga mura. Girman sunansa ya sa duniya ta karɓi maganar tun kafin a gwada ta yadda ya kamata. Akwai kuma ƙamshin gaskiya a cikinta, saboda fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta suna tara wannan sinadari da yawa, kuma jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa shi da kansa, saɓanin akuya da saniya da ke haɗa nasu a hanta. Wanda ya rasa shi na tsawon watanni dasashinsa zai riƙa zubar da jini, rauni kuma ya ƙi warkewa, wato ciwon da likita James Lind ya warkar da lemo a jikin matuƙan jirgin ruwan Ingila a 1747.

To amma cike gurbin abin da jiki ya rasa daban, kashe ƙwayar bairos kuma daban. A 2013 masu bincike biyu, Harri Hemilä da Elizabeth Chalker, sun tattara wa ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutane fiye da 11,000, suka gano cewa waɗanda ke shan bitamin C kullum suna kamuwa da mura daidai da waɗanda ba sa sha. Ɗan bambancin da aka gani shi ne a tsawon jinya, inda ta ragu da kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 cikin ɗari kuma ga yara. Idan aka lissafa a kan murar da ke ɗaukar mako guda, ribar babba wajen rabin yini ce kawai, kuma sai ya yi ta shan ƙwayar tun yana ƙalau kafin ya sami wannan ribar. Waɗanda suka ga kariya sosai, har kamuwarsu ta ragu da rabi, su ne masu tseren gudun fanfalaki da masu wasan zamiya a ƙanƙara da sojojin da ke atisaye cikin matsanancin sanyi, waɗanda wahalar jikinsu ba irin tamu ta yau da kullum ba ce.

Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne, a gwaje-gwajen da aka fara ba da shi bayan mura ta riga ta kama, kamar yadda kike yi, ba a sami wani tabbataccen amfani ba. Haka ma aka gani a korona. A wani gwaji na asibitin Cleveland a Amurka da aka wallafa a 2021, an raba marasa lafiya 214 da ke jinya a gida, wasu aka ba su miligiram 8,000 kullum, kuma aka dakatar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba saboda ba su riga sauran warkewa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aunin buƙatar jiki da hukumomin lafiya na Amurka suka tsayar shi ne miligiram 75 a rana ga mace, 90 ga namiji, 120 ga mai shayarwa. Idan aka haura miligiram 1,000, hanji ba ya tsotsar ko da rabinsa, abin da ya shiga jini ya yi rara kuma ƙoda ta fitar da shi ta fitsari, kamar randar da ta cika ana ƙara mata ruwa. Fiye da miligiram 2,000 a rana yana jawo wa babba gudawa da murɗawar ciki, iyakar yara kuwa ta yi ƙasa da haka nesa, don haka ƙwaya mai 1,000 ta yi wa ƙaramin yaro yawa. Wani bincike a Suwidin ya kuma nuna cewa mazan da ke yawan shan ƙwayar sun ninka sauran wajen samun tsakuwar ƙoda.

Shawarata ita ce ki karkatar da kuɗin zuwa kasuwa. Lemon zaƙi guda matsakaici yana da kusan miligiram 70, gwaiba guda kuwa ta wadatar da buƙatar yini, ga tattasai da gwanda da mangwaro da farin garin kuka da ake zubawa a nono. Sai dai zafi yana lalata bitamin C, saboda haka ganyen da aka daɗe ana tafasawa ya rasa kaso mai yawa. Ita mura hutu take so da ruwa mai yawa, da zuma ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Idan yaro ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, a garzaya asibiti domin yana iya zama nimoniya, wato ciwon huhu. Zazzaɓi yana buƙatar gwajin maleriya, tarin da ya wuce mako biyu kuma gwajin tarin fuka.

Tambaya: Likita, mahaifina yana kwance da ciwon huhu, wani ɗan'uwa ya ce mu nemi a saka masa bitamin C a cikin ƙarin ruwa. Mu matsa a yi? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malam. Kada ku matsa. A wani gwaji da aka wallafa a 2022, an gwada wannan hanya a kan marasa lafiya 872 da cuta ta bazu a jininsu, a Kanada da Faransa da Niyuzilan, sai aka tarar kashi 44.5 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ƙarin bitamin C sun rasu ko gaɓoɓinsu na ciki sun ci gaba da gazawa bayan kwana 28, alhali a rukunin da ba a yi wa ba kashi 38.5 ne. Gwajin da aka wallafa a 2023 a kan masu korona 2,590 da ke kwance a asibiti shi ma bai nuna amfani ba. Akwai kuma haɗarin da ya shafe mu kai tsaye, wato ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda ake gadonsa kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman a tsakanin maza. Mai wannan hali idan aka ɗura masa bitamin C mai yawa ta jijiya, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Yana kuma rikita wasu na'urorin gwajin sukari su ba da adadin ƙarya, abin da ke da hatsari idan Baba yana da ciwon sukari. Abin da ya kamata ku tambayi likitansa shi ne matakin iskar oksijin a jininsa, da ko an gano bairos ne ko bakteriya ke damunsa, domin a kan wannan ne ake zaɓar magani.