Tambaya da Amsa: Ina son digirin digirgir a fiziks, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Kumo, jihar Gombe. Shekara uku ke nan da na gama digiri na biyu, kuma raina na kan digirin digirgir. Na ji an fara sayar da fom. In je in saya ne, ko da abin da ya kamata in fara yi? Ina da iyali, albashin kuwa kun san yadda yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗin fom ɗinka tukuna. Na sha gani a nan Bauchi, mutum ya zo da fayil maƙil da takardu, ana tambayarsa wa zai duba masa aikin sai ya yi tsuru-tsuru. Sashe ba ya ɗaukar ɗalibin digirgir sai da malamin da zai riƙe shi, kuma a fanninsa. Don haka tashi ka je da ƙafarka, ko Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko ta Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ka tambayi fannonin da manyan malaman sashen fiziks suke aiki a kai. Karanta takarda biyu ko uku da ɗaya daga cikinsu ya wallafa, sannan ka same shi da shafi biyu na abin da kake son bincikawa. Kar ka ce masa "ko me kuka ba ni zan yi". Wallahi wannan maganar kashe gwiwar malami take yi.

Sai batun kayan aiki, wanda a nan ne mutane suke maƙalewa shekara da shekaru. Zaɓi binciken da na'urarsa take inda hannunka zai kai. Fiziks na ƙasa ya dace da yankinmu: neman ruwan ƙarƙashin ƙasa turaku huɗu na ƙarfe yake buƙata, da waya, da batir, da na'urar auna yadda ƙasa ke tare lantarki. Ga Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a 2022. In nukiliya kake so, hanyarka Zariya ce, can ne ake da injin binciken nukiliya tun 2004, a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. In kuwa lissafinka mai ƙarfi ne, kwamfuta da sola sun ishe ka.

Takardu ba wani abu ba ne: kiredit biyar, shaidar bautar ƙasa, wasiƙun malamanka, da makin digiri na biyu, galibi 3.5 cikin 5. Amma nemi cikakken sakamakonka daga tsohuwar jami'arka tun yau. Nawa sai da na yi sawu huɗu, kullum a ce mai sa hannu ya fita.

Kuɗi kuwa, kar wani ya yaudare ka da asusun tallafin karatu na TETFund, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba ya kaiwa ga sakandare. Nemi hutun ƙaro karatu a rubuce daga ma'aikatarku. Bayan ka yi rajista, duba cibiyar binciken fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Tana da shirin da ɗalibin digirgir zai riƙa zuwa na wasu watanni yana dawowa jami'arsa.

Ka kuma zauna da uwargida ku yi lissafi, don shekara uku ce mafi ƙaranci, kuma kuɗin motar Kumo zuwa Bauchi daga cefane zai riƙa fita.