Agogon kwamfutata kullum sai ya koma baya, wai bod ne ya mutu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon buga takardu a Gusau, ina aiki da wata Dell OptiPlex tokumbo mai Windows 10, ƙanena kuma ya saka mini Ubuntu, wata manhaja irin Windows da kwamfuta ke tashi da ita, a gefe yana koyon abinsa da dare. Kusan wata biyu kenan kullum da safe in na kunna sai ta tsaya a baƙin sikirin sai na danna F1, in ta shiga kuma kwanan wata ya koma shekarun baya, Chrome ya ƙi buɗe komai yana cewa Your clock is behind. Wani lokacin kuma kwanan wata daidai ne amma agogo ya yi baya da awa ɗaya cif. Na kai wa mai gyara ya ce fomatin za a yi, in bai yi ba to bod ne. Don Allah meye gaskiyar lamari kafin in kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Da farko dai don Allah kar ka bari a yi fomatin ɗin nan, ko sau goma aka goge Windows aka sake sakawa gobe da safe F1 ɗinka na nan yana jiranka, domin wannan baƙin sikirin yana fitowa ne tun kafin Windows ta farka daga barci, to kaga ba ruwanta a ciki. Kuma yadda ka kwatanta ɗin nan matsala biyu ce daban daban suka haɗu maka a kwamfuta ɗaya shi ya sa abin ya rikita ka. Ni in aka kawo mini irin wannan abin da nake fara tambaya shi ne da nawa agogon ya kuskure, shekaru ne, awa ce cif, ko 'yan mintuna, don kowanne inda yake nunawa daban.

Mu fara da na shekarun tunda shi ne ke hana ka aiki. A jikin madabod, wato bod ɗin, babban allon da komai na cikin kwamfuta ke haɗe da shi, akwai wani ɗan agogo da ba ya barci, ana ce masa RTC, yana tafiya ne da wani ɗan ƙaramin kiristal da ke kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan, kuma abin da ke riƙe shi in babu wuta wani batir ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Lambar ma girmansa take faɗa maka, faɗi milimita 20 kauri milimita 3.2. In kwamfuta tana jone da soket kuma akwai wuta, ko a kashe take fawa-fak, akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, na ba bod ɗin 'yar wuta kaɗan, batirin yana hutawa abinsa. Sai an zare ko an ɗauke wuta yake ɗaukar nauyin. To ka duba rayuwar kwamfutar shago a wajenmu, da dare an kashe janareto an rufe shago, da rana ma rabin yini babu wuta, ga zafi, sannan ita tokumbo kafin ta iso hannunka Allah kaɗai ya san watannin da ta yi a sito da cikin kwantena ba a jone ba. Batirin da a wani ofis a Turai zai yi shekaru yana lafiya a nan da wuri yake sallamawa. Da zarar ya mutu, duk lokacin da wuta ta yanke agogon sai ya manta komai ya koma ranar da kamfani ya dasa masa a BIOS, wato 'yar manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, shi ne kake ganin shekarun baya. Na tabbata in ka tsaya ka karanta rubutun da ke saman F1 ɗin za ka ga wani abu kamar Time-of-day not set, ko Alert! System battery voltage is low, haka Dell ke faɗa, wasu kwamfutocin kuma CMOS checksum error suke rubutawa. Mutane ba sa karantawa, F1 kawai ake dannawa a wuce.

Shi kuma Chrome ba iskanci yake maka ba. Duk shafin da ke farawa da https yana da satifiket mai ranar fara aiki da ranar ƙarewa, burauza kuma agogon kwamfutarka take dubawa ta gwada, in agogonka ya ce muna shekara goma baya to a wajenta satifiket ɗin ba a ma haife shi ba tukuna, sai ta rufe ƙofa, a ƙasa za ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Haka sabunta Windows zai riƙa faɗuwa, haka takardun da kake ajiyewa za su ɗauki kwanan wata na ƙarya, ka zo neman aikin da ka buga wa kwastoma jiya ka same shi can ƙasan folda kamar tsohon kaya.

Kafin ka sayi komai gwada wannan. Kunna ta kana danna F2 ka shiga BIOS, HP F10 ne, wasu kuma Del. Gyara kwanan wata da lokaci ka ajiye, kashe ta, zare wayar wuta gaba ɗaya daga bayanta, ba kashe makunnin estenshin kawai ba, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar sakan goma sha biyar don sauran wutar da ke ciki ta fita, je ka sha shayi ka dawo bayan rabin awa. In ka jona ka ga lokaci ya sake ɓacewa, batir ne, magana ta ƙare.

Canjawar ba ta kai a biya kuɗin gyara ba. Ka zare wuta, buɗe murfin gefe, yawancin OptiPlex ko sukundireba ba sa buƙata akwai ɗan marfi da ake ja, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka tukuna kafin ka taɓa bod. Za ka hango shi yana ƙyalli a kwance cikin ɗan gidansa, a ƙananan samfura wani lokaci yana ɓoye ƙarƙashin hadis ko gidan sidi sai ka ɗaga su. Akwai ɗan ƙarfe a gefe da ya danne shi, tura shi da farce batirin zai yi tsalle da kansa, kar ka sa wuƙa ka yi ta ɓanɓara, na ga waɗanda suka karya gidan batirin ta haka aikin minti biyu ya koma na soda. Sabon ka saka shi ɓangaren da ke da rubutu da alamar + yana kallon sama. Masu gyaran agogo da masu rimot ɗin mota duk suna da shi, amma ka karanta lambar da idonka, don akwai CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi sai dai sun fi shi siranta, za su shiga amma su riƙa rawa a ciki, yau lafiya gobe F1. In kana da mitar auna wuta ka auna, sabo yakan nuna bolt 3.2 ko sama kaɗan, ni duk wanda ya sauka ƙasa da 2.8 ba na mayar da shi. Tsohon kuma don girman Allah kar ka yar a tsakar shago inda yara ke shigowa, yaro ya haɗiye shi abin asibiti ne na gaggawa, ƙona maƙogwaro yake.

Ga wani tarko da ya kamata ka sani don kar hankalinka ya tashi. Mutuwar batir ko cire shi na iya mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, a ciki har da SATA Operation, saitin yadda bod ke magana da hadis. Wasu Dell ɗin RAID On suke komawa, in kuma an saka Windows ɗinka a kan AHCI ne sai ta tashi da shuɗin sikirin mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, a nan ne ake cewa hadis ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau, ka koma BIOS ka juya shi ɗaya ɓangaren kawai. Shi ya sa kafin in taɓa batir nake ɗaukar hoton shafukan BIOS da waya, musamman wannan da jerin abin da za ta fara tashi da shi. An taɓa kawo mini wata daga wata makaranta an yi mata fomatin sau biyu har an sayi sabon hadis, ashe batir ne da wannan saitin, tsohon hadis ɗin da sakamakon ɗalibai a ciki yana cikin durowa ba abin da ya same shi.

Toh sai maganar awa ɗaya cif, wannan ba batir ba ne, aikin ƙanenka ne, ko in ce rashin jituwar Windows da Ubuntu. Agogon bod guda ɗaya ne su biyu suke rabawa, amma kowa da yadda yake karanta shi. Ubuntu ta ɗauka abin da ke ciki lokacin UTC ne, wato lokacin bai ɗaya na duniya da Najeriya ke gaba da shi da awa ɗaya, sai ta ƙara awa ɗayan Najeriya da kanta kafin ta nuna maka, Windows kuwa ta ɗauka abin da ke ciki shi ne lokacin garinku kai tsaye. Da dare yaro ya shiga Ubuntu ƙarfe 10, ta rubuta 9 a bod don a lissafinta hakan ne daidai, da safe ka shiga Windows ta karanta ta nuna maka yadda ta gani, ka tashi da awa ɗaya a baya. Da a Kumasi ko Tamale shagonka yake ba za ka taɓa sanin da wannan rigimar ba don Ghana a kan UTC take daidai. Gyaran layi ɗaya ne, ya buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, bayan ya tabbatar lokacin da take nunawa daidai ne ya rubuta

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Daga nan Ubuntu za ta bi tsarin Windows. In ya duba timedatectl bayan haka zai ga wani gargaɗi, wannan don ƙasashen da ke matsar da agogo gaba da baya ne lokacin bazara, mu da Nijar ba ma yi, kar ya dame shi. Akwai hanya ta ɓangaren Windows ita ma, a ƙirƙiri RealTimeIsUniversal a rajistiri, ma'ajiyar saitunan cikin Windows, ƙarƙashin TimeZoneInformation a ba shi 1, amma ni ban cika son tura mai shago cikin rajistiri ba, kuma ɗaya ake yi, in kuka yi duka biyun kun koma gidan jiya.

Duk da haka leƙa yankin lokaci ma, a Settings, Time & language, Date & time, ya zama (UTC+01:00) West Central Africa. Tokumbo da yawa suna zuwa da saitin inda suka fito ko na wanda ya saka Windows yana sauri ya bar shi a Pacific na Amurka, sai mutum ya gyara agogo da hannu, da an shiga intanet ya sake tsallakewa da awanni. Wanda ya fi ban dariya na Landan ne, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu da namu ɗaya ne ba wanda zai lura, ana shiga sanyi sai kwamfuta ta ja baya da awa ɗaya a ce aljanu ne.

Za ka iya cewa to me ya hana Windows ta gyara kanta tunda akwai intanet. Tana ƙoƙari, akwai sabis mai suna Windows Time da ke tambayar time.windows.com lokaci, amma ba kowane minti take tambaya ba, sannan in tazarar ta yi yawa takan ƙi gyarawa da kanta, a kwamfutar da ba ta cikin domen, wato ba a ƙarƙashin sabar wani ofis take ba, iyakar da aka saba sakawa awa 15 ce, kai kuma naka shekaru ne. Don haka gyara da hannu tukuna ya zo kusa, kunna Set time automatically, sannan ka danna Sync now. In ya ƙi, buɗe services.msc ka ga ko Windows Time ɗin a kashe take, irin Windows ɗin da ake yi wa kwaskwarima a rage mata nauyi sau da yawa an kashe ta, ka tayar da ita, sai ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta w32tm /resync. In har yanzu shiru canja sabar zuwa pool.ntp.org, ko ka gwada da hotspot ɗin wayarka don wasu hanyoyin intanet suna toshe ƙofa ta 123 da wannan saƙon ke bi. Kuskuren sakan ɗaya ko biyu a rana kuwa ba ciwo ba ne, haka kiristal yake, wannan daidaitawar ce ke share shi.

Yaushe ne maganar mai gyaranka ta bod za ta zama gaskiya? Sai in ka saka sabon batir mai kyau, ka auna shi, kuma gwajin zare wuta ya sake faɗuwa. Ko a nan ma duba gidan batirin tukuna, ko ya yi tsatsa ko kore kore, ko ɗan ƙarfen ƙasan ya kwanta ba ya taɓa batirin, a ɗaga shi a hankali a goge. Duba jamfar goge saiti da ke bod, 'yar hular roba ce da ke haɗa ƙananan fil, a Dell ana rubuta RTCRST kusa da ita, wani mai gyara kan matsar da ita ya manta. Ƙurar hunturu in ta haɗu da laimar damina ita ma tana janye batir, a busa da bulowa. Sannan ka shiga BIOS ka zuba wa lokacin ido na minti biyu uku, in ya tsaya cak ba ya motsi ko yana gudu kamar an kore shi, to kiristal ɗin ne ko abin da ke kewaye da shi, mai iya soda zai iya canja shi. In kuma ka hango kafasitoci, ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan bod, sun kumbura kansu ya tashi kamar burodi ko suna tsiyayar wani abu ruwan ƙasa, ga kwamfutar tana kashe kanta ko tana daskarewa, to nan kam bod ɗin ya fara gajiya, a irin wannan tsohuwar OptiPlex sau da yawa sayen wani bod ɗin ya fi gyaransa sauƙi. Amma a abin da ka rubuto ban ga alamar hakan ba ko ɗaya. Sayo CR2032 gobe, ka sa yaron ya buga layin nan, in F1 ya sake fitowa ka ɗauki hoton baƙin sikirin ɗin da rubutunsa duka ka turo mini tare da lambar samfurin da ke gaban akwatin.